Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyalan Da Ke Neman Gidan Kula Da Tsofaffi

Zuwa ga 'ya'ya, jikoki da ƙanne da ɗawainiyar wani tsoho ta rataya a wuyansu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna yi muku sannu da hidima.

Mu ma'aikatan jinya ne da aikinmu ya karkata ga tsofaffi. Mun rubuto muku ne a kan shawarar da yawancin iyalai suke yankewa a gurguje. An sallamo Baba daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki ko karayar kwatangwalo, ko gigin tsufa ya sa Mama ta fara fita cikin dare, an rasa mai iya tsare ta, sai a shiga neman gidan kula da tsofaffi ido rufe. Kai shi ko barin shi a gida magana ce tsakaninku da mai jikin, kuma muddin hankalinsa na tare da shi, maganarsa ce gaba da taku. Roƙonmu guda ne: in har za a kai shi, kada fenti da furanni da faɗin falo su zaɓar muku gida. Abin da ke tayar da tsoho ko ya ƙarasa kwantar da shi shi ne yawan hannayen da ke aiki a kansa, musamman daga goman dare zuwa shidan safe, da kuma abin da hannayen nan suka iya.

Kafin ku taka ƙofar kowane gida, ku zauna ku rubuta abin da tsohonku yake iya yi wa kansa. Tun 1963 likita Sidney Katz ya tsara abubuwa 6 da har yau ake aunawa da su: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannunsa. A gaban kowanne ku rubuta ko yana yi shi kaɗai, ko sai da mutum ɗaya, ko sai da biyu. Ku haɗa da sunayen magungunansa duka. Takardar nan ce za ta nuna muku irin gidan da ya dace, domin gidajen iri biyu ne. Akwai na masu sauran ƙarfi, inda ake taimakawa da wanka da abinci da tuna magani. Akwai kuma wanda nas mai lasisi take ciki dare da rana. Wanda ke da robar fitsari, ko robar ciyarwa, ko gyambo, ko allurar insulin, ko wahalar haɗiya, na biyun yake buƙata, komai kyan na farkon. Lasisin gidan da rahoton dubawar hukuma na ƙarshe kuwa, ku nemi ganinsu tun a zaman farko. Wanda ya fara kame-kame a nan ya rage muku aiki.

Daga nan sai ƙidayar ma'aikata, kuma a nan muke so ku fi tsayawa. In kun tambaya ma'aikata nawa ne, za a haɗa muku da mai gadi da mai girki da akawu. Ku ce a nuna muku jadawalin aikin makon da ya wuce, ku ƙirga waɗanda suke taɓa jikin tsofaffi kawai, safe da yamma da dare, har da ranakun ƙarshen mako. Wani nazari na 2001 da hukumar inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta shirya wa majalisar ƙasar ya nuna cewa in lokacin kulawar ma'aikatan jinya da kowane tsoho yake samu ya gaza awa 4.1 a yini, wanda minti 45 daga ciki na cikakkiyar nas ne, matsaloli sukan ƙaru. Ku buga lissafin da kanku. Gida mai tsofaffi 30 masu buƙatar jinya yana neman awa 123 a yini, wato mutum 15 ko 16 masu aikin awa 8, a rarrabe cikin dare da rana. Gidaje da yawa a duniya ba sa kaiwa nan, amma aƙalla kun san nisan da ke tsakanin abin da ake ba ku da abin da jikinsa yake nema.

Lissafin dare ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi tayar da hankali. Juya wanda ba ya motsi tare da sauya masa kunzugu aikin mutum biyu ne, kuma yakan ci kamar minti 10 in an yi shi yadda ya kamata. Mutum biyu za su juya tsofaffi 12 ne kawai cikin awa 2, ba tare da sun amsa ƙararrawar kiran taimako ko ɗaya ba. In masu kwanciyar 20 ne, ma'aikatan dare kuma biyu, to wasu ba a juya su, ko me takarda ta ce. Ku tambayi mai yi muku rakiya shekara nawa ta yi a gidan, ku tambayi wasu biyu. Inda kowa sabo ne, babu wanda ya san cewa Baba ba ya faɗin ciwo sai dai ya ƙi abinci.

Ku je sau biyu. Na farko da alƙawari, na biyu ba sanarwa, kuma ku daidaici lokacin cin abinci ko bayan faɗuwar rana. Gani ya kori ji. In ƙararrawa ta yi ƙara, ku dubi agogo ku ga minti nawa ake ɗauka. Zarnin fitsari a ɗaki guda na iya zama yanzu abin ya faru. Zarnin da ya kama labule da katifu da baranda, ko ƙamshin turaren fesawa mai hawa kai, na nufin ana barin mutane cikin jiƙa. Ku dubi faratan mazauna gidan, da bakinsu, da ko tabaransu na fuskarsu. Ku lura ko ana ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga, ko ana ja labule kafin a tuɓe mutum, ko ma'aikata na magana da tsohon ko kuwa suna hirarsu a kansa kamar ba ya wurin.

Fata ce take fara tona asirin gida. Gyambon kwanciya yana farawa ne in nauyin jiki ya danne nama tsakanin ƙashi da katifa har jini ya daina isa wurin, kuma awanni kaɗan sun isa. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasan gadon baya dab da mazaunai, diddige, gefen kwatangwalo, idon sawu, gwiwar hannu da ƙeya. Mataki 4 ne: daga canjin launi, zuwa saɓulewar fata, zuwa rami, zuwa inda ake ganin tsoka ko ƙashi. Littattafai da yawa suna cewa a nemi ja, amma a fata mai duhu jan ba ya fitowa. Wurin yakan ƙara duhu ne ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi zafi ko sanyi fiye da kewayensa, ya yi tauri ko ya yi luguf a ƙarƙashin yatsa. Ku tambayi nas yadda take gane matakin farko a baƙar fata. In ta ce sai ta ga ja, to za ta gan shi ne bayan ya fashe.

Gidan kirki yana duba fatar tsoho daga kai zuwa ƙafa a ranar da ya shigo, ya ba shi maki da ma'auni irin na Braden, wanda ke tashi daga 6 zuwa 23. Maki 18 zuwa ƙasa na nufin akwai haɗari, 12 zuwa ƙasa haɗarin ya yi girma. Wanda ba ya iya juyawa ana juya shi duk awa 2, ko zuwa awa 4 in yana kan katifa ta musamman mai rarraba nauyi. Ba a kifa shi a kan ƙashin kwatangwalo. Karkata shi ake yi kamar digiri 30 a tokare da filo. Ana sa filo a ƙarƙashin sharaɓa domin diddige ya rataya a iska. Ba a barin kan gado a ɗage fiye da digiri 30 in ba lokacin cin abinci ba ko umarnin likita, saboda jiki yana zamewa ƙasa, fata ta tsaya a zani, nama ya yage daga ciki. Ba a murza wurin da ya canza launi, ba a kuma ɗora mutum a kan zoben roba mai rami a tsakiya, domin gefen zoben yana ƙara datse jini. Ku ce a nuna muku takardar juyawa, a rufe sunan mai ita. In rubutun awa 24 duk da hannu ɗaya ne da biro ɗaya, alhali ma'aikata sun sauya sau uku, a zama ɗaya aka cike ta.

Nan ma ku tambayi mutum nawa ne ke da robar fitsari, da dalilin kowanne. Kowace rana da robar ta yi a jiki tana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, kuma bayan wata guda kusan kowa ya ɗauka. Sa ta domin a huta da sauya kunzugu zalunci ne. Inda ta zama dole, jakar tana ƙasa da mara, ba a kan cinya ba, ba kuma a yashe a ƙasa ba.

Ku zauna ku ga an ci abinci tun daga farko har ƙarshe. Mai wahalar haɗiya, kamar yawancin masu shanyewar ɓarin jiki da masu cutar Parkinson mai sa karkarwa da sandarewar jiki, da waɗanda gigin tsufa ya yi nisa da su, zaunar da shi ake yi cak, mai ba shi ma ta zauna daidai fuskarsa, ta ba shi da ƙaramin cokali, ta jira ya haɗiye kafin ta ƙara, sannan a bar shi a zaune aƙalla minti 30. Wannan kan ci minti 20 zuwa 30 ga mutum ɗaya. In kun ga ma'aikaciya ɗaya a tsaye tana ɗura wa mutum biyar bi da bi, ko ana ba wani a kishingiɗe, kun ga hanyar da nimoniya, wato ciwon huhu, take shiga. Abinci da ruwa suna sauka a huhu. Wani lokaci ya sarƙe shi ya yi tari, muryarsa ta koma kamar mai kurkure. Wani lokaci ko tarin ba ya yi, sai zazzaɓi bayan kwana biyu. Wanke baki safe da dare, da cire haƙoran roba a wanke, yana rage wannan haɗarin, domin ƙwayoyin bakin ne suke bin yawu zuwa huhu. Aiki ne na minti 2, kuma shi ne na farko da ake yarwa in hannu ya yi kaɗan.

Sikeli ba ya ƙarya, don haka ku tambaya ko ana auna nauyin kowa duk wata. Raguwar kashi 5 cikin 100 a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata 6, abin kiran likita ne. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan a wata. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, wani kuma da gangan yake ƙin sha don kada ya wahalar da mutane da kai shi banɗaki. In likita bai taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda ba, mace na buƙatar kamar lita 1.6 a yini, namiji lita 2. Ku dubi inda aka ajiye kofin. In yana ɓangaren hannun da ya shanye, an ajiye ne don masu ziyara su gani.

Gidan da ya cika shiru da rana, kowa na gyangyaɗi a keke da ƙarfe sha ɗayan safe, kai a langaɓe, yawu na zuba, kada ya burge ku. Sau da yawa magani ne. Ana ba masu gigin tsufa irin su haloperidol da risperidone da olanzapine, ko diazepam, domin su daina yawo da kiraye-kiraye. A 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sababbin magungunan taɓin hankali, bayan an ga mutuwa ta ninka kusan sau 1.6 zuwa 1.7 a tsakanin tsofaffi masu gigin tsufa da aka ba su, kuma a 2008 ta faɗaɗa gargaɗin zuwa tsofaffin magungunan irin su haloperidol. Akwai lokacin da likita zai ga babu makawa, na ɗan lokaci, da mafi ƙanƙantar awo. Amma tsohon da ke ihu yawanci wani abu ne ke damunsa: ciwon da ya kasa faɗa, taurin bayan gida, marar da ta cika ta ƙi fita, yunwa, ko tsoron baƙuwar fuska. Ku tambaya kai tsaye me suke yi in mutum ya tashi da rigima da tsakar dare. Amsar da ta fara da magani ba amsa ba ce. Ku kuma sa a rubuta cewa ba za a fara masa maganin barci ko na kwantar da hankali ba sai an sanar da ku.

Ɗaure mutum a kujera da zani, ko a gado, ba ya hana faɗuwa. Raunana ƙafa yake yi, ya kawo gyambo, wani lokaci ya shaƙe shi. Ƙarfen gefen gado ma ba na kowa ba ne: mai ruɗewa yakan haura ta samansa ya faɗo daga wuri mafi tsawo, ko kansa ya maƙale. Inda aka sa shi, kada ratar da ke tsakanin sandunan ta kai santimita 12, kada kuma katifa ta bar gurbi a gefe.

Faɗuwa kam za a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na mazauna irin waɗannan gidaje suna faɗuwa duk shekara, saboda haka wanda ya ce muku ba a faɗuwa a gidansa, rubutawa ne ba ya yi. Abin dubawa shi ne shirin da aka yi: gado mai sauka ƙasa, fitilar dare a hanyar banɗaki, ƙarfen dafawa a gefen masai da wurin wanka, daɓen da ba ya santsi, takalmi mai kama diddige, birkin keke mai ci. Ana auna hawan jini a kwance da kuma a tsaye, domin in lambar sama ta sauka da 20 cikin minti 3 da miƙewa, jiri zai kayar da shi, kuma sau da yawa maganin hawan jini ne ya yi yawa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, in ya buga kansa, asibiti ake kai shi ko da yana dariya, domin jinin na iya taruwa a hankali. Ku tambaya kuma sau nawa a mako mai gashi da motsa gaɓoɓi yake zuwa. A wani gwaji da aka wallafa a 2007, tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Wanda ya shiga gida da ƙafarsa aka zaunar da shi a keke don a huta da rakiya, cikin wata guda keken ya zama nasa.

A kan magani, ku ga kabad ɗin a kulle, ku ga takardar da ake sa hannu bayan kowace ƙwaya, ku nemi guraben da ba a cike ba. Mai shan iri 5 ko fiye ya kamata likita ko mai haɗa magunguna ya sake duba su aƙalla duk wata 6. Ku tambaya yadda suke yi da wanda ba ya iya haɗiye ƙwaya. In aka ce ana daka masa duka, akwai matsala, domin ƙwayar da aka ƙera ta riƙa narkewa a hankali, kamar wasu nau'o'in maganin hawan jini na nifedipine, in aka daka ta awon yini guda ne zai shiga jini lokaci ɗaya. Maganin Parkinson kuma lokacinsa ake bi, ba lokacin zagayen nas ba; jinkirin da ya wuce minti 30 na iya sandarar da mutum har haɗiya ta gagare shi. Wanda aka yi wa insulin ya ƙi abinci, dole a auna sukarinsa.

Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu, ba tsufa ba ne. Alama ce ta cuta a jiki, ko ƙarancin ruwa, ko magani, kuma ana warkewa in an kama da wuri. Don haka ku san wa ke da ikon kiran likita da ƙarfe ukun dare, wace mota ce za ta ɗauke shi, wane asibiti, wa zai raka shi da takardar magungunansa, kuma a wane lokaci za a kira ku. Ku bi hanyar fita in gobara ta tashi da ƙafarku, ku ga ko gado zai wuce ta ƙofar.

Maganar da ba a son yi ita ce cin zarafi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a binciken da aka yi a irin waɗannan gidaje, ma'aikata 2 cikin 3 sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, daga tsawa da zagi zuwa sakaci da duka. Yawancinsu ba mugaye ba ne, aiki ne ya fi ƙarfinsu, kuma wannan ya sake mayar da mu ga ƙidayar hannaye. Taruwar jini a cikin damtse ko cinya, shatin yatsu, tsohon da ke yin tsit in wata ma'aikaciya ta shigo, kayan da ke ɓacewa, duk abin bi ne. Gidan da ya ƙayyade ziyara zuwa awa ɗaya ko biyu, ko ya hana ku keɓewa da naku, ku bar shi. Saboda haka ne ma muke fifita gida matsakaici da ke kusa da wanda zai riƙa leƙawa a kai a kai, a kan gida na alfarma da sai an yi shirin tafiya.

Yarjejeniya kuma ku tafi da ita gida ku karanta, kada ku sa hannu a ofis. Ku ga me kuɗin wata ya ƙunsa da abin da ake cajinsa daban, kamar kunzugu, wankin gyambo, gashi da motsa gaɓoɓi, da rakiyar asibiti. Ku ga sanarwar kwana nawa ake bayarwa kafin ƙarin kuɗi, ko ana riƙe masa gadonsa in an kwantar da shi a asibiti, da dalilan da za su sa a ce ku ɗauke shi. Wannan na ƙarshen ya fi cizon masu gigin tsufa, domin wasu gidajen suna karɓar mutum yana da sauƙi, su sallame shi in ya tsananta. Ku kula kada sa hannunku a matsayin wakili ya koma lamunin biyan bashi daga aljihunku ba da saninku ba.

Makonnin farko su ne mafi haɗari, domin wurin baƙo ne, faɗuwa da ruɗewa da ƙin abinci sun fi yawa a lokacin. Ku rubuta wa ma'aikata shafi guda: sunan da yake so a kira shi da shi, lokacin kwanciyarsa, kunnen da ya fi ji da shi, yadda yake nuna ciwo, lokutan ibadarsa, da ko namiji ko mace yake so ya yi masa wanka. Ku nemi a zauna da ku a tsara shirin kula da shi a rubuce, da ranar da za a sake dubawa. Ku riƙa zuwa a lokuta mabambanta. Duk zuwa, da izininsa, ku cire masa safa ku dubi diddigensa, ku leƙa bakinsa, ku tambayi nauyinsa na ƙarshe. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku rubuta rana da lokaci, ku kai wa shugabar jinya a rubuce, ku nemi amsa da wa'adi. In wa'adin ya wuce ba gyara, ku kai ƙara hukumar da ta ba su lasisi, ku kuma fara neman wani gidan tun a ranar.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya saka muku da alheri.

Naku,
Ma'aikatan jinya masu kula da tsofaffi